Ka Sa Sabuwar Furosesa, Kwamfuta Ta Fara Ƙamewa: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Hau Motar Kano

Duk wanda ya sauya wa kwamfutarsa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin injin, abu na farko da nake gaya masa shi ne kada ya yi saurin rabuwa da tsohuwar. Ka sa ta a robar da sabuwar ta zo a ciki, ka jefa a durowa, ka bar ta aƙalla mako biyu, ko da an taya ta da daraja. Idan injin ya fara ƙamewa, ko kashe kansa, ko nuna shuɗin allo, tsohuwar nan ce za ta raba maka gardama.

Ina gyaran kwamfuta a wani ƙaramin gari tsakanin Ringim da Taura. Yawancin injinan da ake kawo mini na hannu ne, Dell OptiPlex da HP Compaq da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka. Masu su kuwa su ne masu buga takardun jarrabawa da katin gayyata, da samarin da ke haɗa bidiyon biki da na saukar karatu. Sai mutum ya ga furosesarsa ta i3 tana jan ƙafa a manhajar zane ta CorelDRAW, ya tara kuɗi ya aika birni a sayo masa i5 ko i7 da suka fi ta ƙarfi. Da matsala ta ɓullo sai ya ce an sayar masa da matacciya, ya rufe shago ya kashe kuɗin mota. A can mai kayan zai ɗora ta a nasa bod ɗin, wato babban allon cikin kwamfuta da ake dasa furosesa a kai, ta tashi garau, ya miƙo masa abarsa. An yi asarar yini, injin kuma yana nan yadda yake. A abin da nake gani, ba kasafai laifin yake zama na furosesar ba. Zafi ne, ko bayos (manhajar cikin bod da ke tayar da injin), ko ram (ma'ajiyar wucin gadi da injin yake aiki da ita), ko wuta, kuma duk ana iya gano su a gida.

Sharaɗi ɗaya ne: abu ɗaya za ka riƙa taɓawa a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani. Wanda ya sauya ram da fes (man da ake shafa wa furosesa don zafi ya fita) da fawa fak (akwatin da ke raba wa injin wuta) a zama ɗaya, ko injin ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba, ranar da ciwon ya dawo kuma daga farko zai fara.

Kafin ka ɗauki sukundireba, ka lura da yadda injin yake mutuwa. Idan sai ya yi 'yan mintuna yana aiki mai nauyi, fanka tana ihu, sannan ya mutu, zafi ne ake zargi. Idan ɗif yake ɗaukewa ba gargaɗi, musamman lokacin da aka tayar da fotokwafi, wuta ce. Shuɗin allo mai sauya saƙo, yau MEMORY_MANAGEMENT gobe wani daban, ya fi nuna ram ko fil ɗin soket, wato siraran ƙafafun da ke mazaunin furosesa a bod. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT kuwa suna nuna furosesar ce ta gamu da cikas, amma ba su ce ita ta jawo shi ba. Ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin ya ɓace.

Shiga soket ba shi ne dacewa ba

Nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Furosesar Intel zubi na biyu, irin i5-2400, da zubi na uku, irin i5-3470 da i7-3770, duk soket ɗaya suke shiga, wato LGA 1155. Amma OptiPlex 790 da HP Compaq 8200 Elite ba sa karɓar zubi na uku ko me za ka yi musu, domin cifset ɗinsu, wato sashen bod da ke haɗa furosesa da sauran kayan, bai san shi ba. OptiPlex 7010 da HP 8300 Elite su ne masu karɓa. Bod mai cifset H61 yana karɓa, amma da yawansu sai an sabunta musu bayos tukuna. Haka LGA 1151: zubi na shida da na bakwai gidansu daban, na takwas da na tara gidansu daban, duk da cewa kowacce za ta zauna daram a soket ɗin ɗayar. A ɓangaren AMD, soket AM4 ya daɗe ana amfani da shi, don haka bod mai B450 da aka yi tun kafin fitowar Ryzen 5000 a 2020 yana bukatar sabon bayos kafin ya gane ta.

Ka shiga shafin kamfanin da ya yi bod ɗin, ka nemi jerin furosesar da yake ɗauka da lambar bayos da kowacce take bukata. Ba zai ci maka data mai yawa ba.

Idan kuma fanka tana juyawa amma allo baƙi ƙirin, ka duba ko furosesar tana da sashen hoto a cikinta. Na Intel masu harafin F a ƙarshe, irin i5-9400F, ba su da shi. Xeon E3-1230 v2 da ake yawan tallatawa a matsayin i7 mai araha ita ma ba ta da shi, haka yawancin Ryzen na AM4 da ba su da G. Irin waɗannan sai da katin hoto, kuma a jikin katin za ka jona wayar monita.

Zafi

A garinmu da zafi nake farawa, domin a watan Afrilu da Mayu zafin waje yakan haura digiri 40, shagunanmu kuma rufin kwano ne. Injin da aka ƙera don ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, a nan iska mai zafi yake shaƙa. Ga shi sabuwar furosesar ta fi tsohuwar fitar da zafi: i3-2100 wat 65 ce, i7-2600 wat 95, i3-4130 wat 54 ce, i7-4790 wat 84. Ƙarfen sanyaya da fankar kuwa su ne dai na jiya.

Ka sa HWiNFO ko Core Temp, manhajojin da ke nuna zafin furosesa, kyauta ne. Idan injin yana zaune ba ya komai, digiri 40 zuwa 50 ba abin damuwa ba ne a yanayinmu. A aiki mai nauyi ina so in ga bai wuce 85 ba. Idan da ka fara aiki ya yi tsalle zuwa 95 ko 100 cikin 'yan daƙiƙoƙi, ƙarfen bai zauna a kan furosesar yadda ya kamata ba. A wajen digiri 100 furosesa takan rage gudu don ta kare kanta, idan abin ya ci tura ta kashe injin.

Wani saurayi mai haɗa bidiyo ya taɓa shigo mini da OptiPlex 7010 a kafaɗa, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, wallahi cutata aka yi. Da na fara fitar da bidiyo sai ta mutu." Na kwance ƙarfen, sai ga wani farin abu ya bushe ya daddare a kan i7 ɗin, yana ƙamshin na'ana'a. Na ce, "Ƙanena, me ka shafa mata?" Ya ce fes ɗin da aka ba shi ya bushe a leda, shi ne wani ya ce masa makilin ma yana yi. Ba ya yi. Ruwan cikinsa yana ƙafewa da zafi, abin da ya rage kuma tare zafin yake yi. Girisin mashin ma kada ka sa.

Ga yadda nake yi. Na zare wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Wannan taɓawar ta fi muhimmanci da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum yake jin tartsatsi idan ya cire riga. Sai in goge tsohon fes daga kan furosesa da ƙasan ƙarfen da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit na kemis, ba fetur ba, har sai sun yi ƙyalli. In ɗiga sabon fes a tsakiya, girman ƙwayar wake, in bar nauyin ƙarfen ya baje shi. Idan ƙarfen sabo ne, ka duba ƙasansa, sau da yawa akwai siririyar leda da sai an ɓare ta.

Wajen ɗaurewa, kusurwa da kusurwa ake bi. Ka ɗan ɗaure noti ɗaya, ka tsallaka na kishiyarsa, ka yi ta zagayawa kaɗan-kaɗan har su zauna tare. Fankar Intel mai ƙafafun roba huɗu ita ce ta fi yaudara: uku za su shiga su yi ƙas, ta huɗu ta tanƙware a saman bod, daga sama kuma sai ka ga kamar komai daidai. Ka leƙa bayan bod ɗin ka ga dukkan huɗun sun fito. Ka tabbata wayar fankar tana kan fil ɗin da aka rubuta CPU_FAN. Ƙurar hunturu da ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen, a fitar da injin waje a busa da bulowa, amma ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Ƙananan akwatuna kuma suna da iyakarsu. OptiPlex Micro, wanda bai fi girman littafi ba, yawanci furosesa mai harafin T ta wat 35 aka yi masa. Idan ka cusa masa mai wat 84, babu fes ɗin da zai cece ka.

Bayos

Bod yana riƙe da saitin tsohuwar furosesa, don haka yana da kyau a mayar da shi kan saitin asali. Amma kafin nan ka shiga bayos, F2 a Dell, F10 a HP, Delete a yawancin bod ɗin haɗi, wato wanda ake saya daban a haɗa inji da shi, ka ɗauki hoton kowane shafi. Wanda na fi damuwa da shi shi ne saitin SATA, wato yadda bod yake magana da hadis, ma'ajiyar fayilolin kwamfuta. Idan an ɗora Windows a kan AHCI, goge saiti ya mayar da shi RAID ko IDE, injin zai nuna INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mai shi ya tsorata ya ɗauka hadis ɗinsa ya mutu. Mayar da saitin yadda yake a hoton shi ne maganin. Idan kuma an kulle hadis da BitLocker, ka nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda kafin ka taɓa komai.

Goge saitin ba wuya. Ka zare wuta, ka cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar. Bolt 3 ya kamata ya nuna a mitar auna wuta. Idan ya yi ƙasa sosai a sauya shi, masu gyaran agogo suna sayarwa. Ka gyara kwanan wata bayan haka, in ba haka ba shafukan intanet za su ƙi buɗewa.

Sabunta bayos kuwa, da tsohuwar furosesa a ciki ake yin sa, tunda ita ce injin yake zama lafiya da ita. Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke fayil ɗin, a Dell ka nema da lambar Service Tag da ke jikin akwatin. Ina roƙonka kada ka yi wannan aiki a kan janareta mai tari ko wutar layi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, bod ɗin yana iya mutuwa gaba ɗaya. Ka jira tsakar rana batirin sola ya cika, ko ka ɗauki injin zuwa wajen mai UPS lafiyayye.

Masu sababbin injina su sani: a 2024 Intel ta amince cewa wasu furosesarta na tebur zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda wutar da ke shiga cikinsu ta yi yawa. Ta fitar da gyara ta hanyar bayos, wanda ake kira 0x12B, ta kuma ƙara musu garantin shekara biyu. Gyaran yana kare wadda ba ta taɓu ba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Duk mai sayen irinsu na hannu ya yi hattara.

Ram da fil ɗin soket

Mutum zai ce ai ram ɗina lafiyarsa ƙalau jiya. Gaskiya ne, amma sashen da ke sarrafa ram a cikin furosesa yake, ba a bod ba. Sauya furosesa sauya wanda ke magana da ram ne. Zubi na biyu yana tafiyar da DDR3 a gudun 1333, zubi na uku yana kai shi 1600. Ram guda biyu na kamfani daban-daban da suka zauna lafiya a 1333 suna iya fara kuskure a 1600.

Ka cire su duka, ka goge haƙoran zinaren da robar goge fensir, ka mayar da guda ɗaya kawai. Ka ɗora MemTest86, manhajar gwada ram, a fulash ka tayar da injin da shi, ka bar shi ya zagaya sau huɗu. Aikin dare ne, idan batir zai kai. Kuskure ko ɗaya ne ya isa. Sai ka gwada ɗayan, sannan ka gwada kowane rami. Idan bod ɗin haɗi ne kuma an kunna XMP, saitin bayos da ke ƙara wa ram gudu, a kashe shi tukuna.

Idan ram lafiyayye ya ƙi aiki a wani rami tun ranar da aka yi sauyin, ka cire furosesar ka duba soket. A Intel fil ɗin a jikin bod suke, guda 1155 ko 1150, sirara ƙwarai. Ka haska tocilan wayarka daga gefe, ba daga sama ba, kana juya bod ɗin a hankali. Lafiyayyun fil duk gefe ɗaya suke kwanciya, haskensu iri ɗaya. Wanda ya tanƙware za ka hango shi kamar inda saniya ta ratsa gonar shinkafa. Guda ɗaya ko biyu ana iya tayar da su da bakin allura, da haƙuri da gilashin ƙara girma. Idan hannunka yana rawa, ka kai wa mai gyaran waya, su sun saba da ƙananan abubuwa. A AM4 fil ɗin a jikin furosesar suke, can za ka duba. Ka kuma duba ƙasan furosesar Intel ko fes ko maiƙon yatsa ya taɓa zinaren. Ɗaure ƙarfen sanyaya fiye da kima shi ma yana sa rami ɗaya ya ɓace, sassauta noti kaɗan yakan dawo da shi.

A wannan gaɓar ce tsohuwar furosesa take aikinta. Ka mayar da ita, ka yi aikin da yake kashe injin. Idan har yanzu yana mutuwa, sabuwar ta kuɓuta: ko an ji wa soket rauni wajen sauyi, ko dama akwai ciwo a wani wuri. Idan ya zauna lafiya, kada ka yanke hukunci tukuna, domin tsohuwar ba ta jan wuta kamar sabuwar. Ka nemi wani mai irin bod ɗinka a gari ku gwada sabuwar a nasa. Ka kuma buɗe manhajar CPU-Z ka ga ko sunan furosesar da ta nuna ya yi daidai da rubutun da ke kan murfin furosesar. Idan ta mutu a injin biyu, to tafiya Kano ta kama, ka je da hotunan allon da takardar sayenka.

Wuta

Wannan ne ciwon da ya fi damun mu mutanen karkara, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Fawa fak na OptiPlex 7010 ɗan siriri wat 240 ne tun yana sabo, yanzu kuwa ya haura shekara goma yana shan zafi da ƙura. Kafasitocin cikinsa, wato ƙananan gwangwanayen da ke riƙe wuta, sun gaji. Yana iya ɗaukar i3 shekara da shekaru, ranar da i7 ta nemi wuta da ƙarfi sai ya durƙusa, musamman idan an ƙara katin hoto.

Ka fara da wayar furosesa mai fil 4 ko 8 da ke kusa da soket, sau da yawa ana ture ta wajen cire fanka. Ka duba kafasitocin da ke kewaye da soket, idan kan wani ya kumbura ko ya yi tsatsa, bod ɗin ne ya gaji. Da mita, ka auna tsakanin waya rawaya da baƙa lokacin da injin yake aiki mai nauyi: tsakanin bolt 11.4 da 12.6 ake so. Mita ba ta kama faɗuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa aron wani fawa fak lafiyayye ya fi tabbas. Ka sani wasu Dell da HP suna da nasu irin bakin waya, na kasuwa ba ya shiga. Idan wanda ka aro yana da ɗan jan maɓalli a baya, ka tabbata yana kan 230, ba 115 ba. Kada kuma ka buɗe cikin fawa fak, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi.

Sai abin da ke shigowa daga bango. Firinta mai leza da injin fotokwafi suna fizgar wuta mai yawa duk lokacin da suke ɗumama kansu. A kan ƙaramin janareta za ka ji sautinsa ya sauya, ƙwan fitila ya dushe, kwamfuta ta ɗauke. Ranar kasuwar Gujungu, da aiki ya yi yawa ana buga takardu ba tsayawa, a nan ake fi kawo mini irin wannan ƙorafi. Ka raba musu layi, ka sa wa kwamfutar UPS ita kaɗai, kada ka jona firintar a jikinsa. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul, za ka ji fawa fak yana zizar ƙara a kanta, wasu ma kashe kansu suke yi idan nauyi ya ƙaru. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗauki injin zuwa inda wutarsu take tsaye, ka yi aikin a can.

Maganar Windows gajera ce. Idan furosesa kaɗai aka sauya a bod ɗin da yake, ba a bukatar fomatin, kuma raina yana ɓaci idan na ga an share wa mutum hotunan bikin jama'a da takardun makaranta a kan ciwon da fes ne maganinsa. Ka sabunta direban cifset da na hoto, wato manhajojin da Windows take sarrafa su da su. Ka buɗe msconfig, ka shiga Boot da Advanced options, idan an sa alama a Number of processors ka cire ta. Kernel-Power 41 da za ka gani a Event Viewer cewa kawai yake yi injin ya mutu ba shiri, ba ya faɗin dalili. Idan kana zargin Windows, ka tayar da Ubuntu, wata manhaja mai aiki a madadin Windows, daga fulash. Idan a can ma ya ƙame, ciwon a ƙarfe yake.

Ba na sallamar inji don ya tashi ya nuna allo. Ina rufe murfin akwatin, in ajiye shi inda zai riƙa zama, in sa masa OCCT ko Prime95, manhajojin da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, na awa guda tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kwano ya fi ɗaukar zafi, HWiNFO yana buɗe a gefe. Idan bai wuce digiri 85 ba, babu kuskure, babu shuɗin allo, sai in ce mai shi ya kawo bidiyo mafi tsawo da yake da shi ya fitar a gabana, firinta tana aiki a lokaci guda.